Huji Huɗu Maimakon Tsaga Ciki

A shekarun 1970, wasu likitoci a asibitin Jami'ar Kiel da ke arewacin Jamus suka nemi shugaban sashensu ya je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Mutumin lafiyarsa lau, ko ciwon kai bai yi kuka da shi ba. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne irin aikin da yake yi: ya huda cikin mace huji ƙarami, ya zura bututun ƙarfe, ya kafa ido ɗaya yana leƙe, ya yi yanka da ɗinki a can ciki ba tare da hannunsa ya taɓa abin da yake yankawa ba. A ganinsu, sai wanda kansa ya taɓu ne zai bar hanyar da kowa ya gada ya kama wannan. Sunansa Kurt Semm, likitan mata ne, haifaffen Munich a 1927, kuma kafin ya shiga karatun likita ya yi sana'ar ƙera kayan aiki na ƙarfe.

Don a gane dalilin fushinsu, sai an san yadda tiyata take a lokacin. Likitocin fiɗa na Jamus suna da kirarin da suke yi wa kansu, wai babban likita shi ne mai babban yanka. Kuma suna da hujja. Wanda ya buɗe ciki sosai yana ganin komai, yana sa hannu ya laluba, in jini ya ɓalle ya danne shi da yatsa nan take. Tun ranar 15 ga Yulin 1882, da Carl Langenbuch ya fara cire wa ɗan Adam matsarmama a asibitin Lazarus na Berlin, haka ake yi: a tsaga ƙarƙashin haƙarƙarin dama tsawon santimita 15 zuwa 20, a yanke naman bangon ciki, a ɗaga hanta, a cire jakar. Majinyaci ya kwana kamar bakwai a gadon asibiti, tari ma tsoronsa yake ji, sannan ya koma gida ya yi mako huɗu zuwa shida kafin ya iya aikin ƙarfi. Sau da yawa wahalar da ya sha ta ƙofar da aka buɗe ce, don abin da aka cire bai fi babban yatsa biyu ba.

Mu nan ba baƙon abu ba ne tsoron wuƙar likita. Wani abin da ke kawo masu karaya garin Aliero daga nesa, har daga Nijar da Binin, shi ne sun ji masu ɗorin garin ba sa yanka. In aka ce wa tsoho a Jega ko Maiyama za a yi masa aiki, kafin ya sa hannu sai ya tara iyali ya yi wasiyya. Marasa lafiyan Turai da Amurka ma haka zuciyarsu take, kuma wannan tsoron nasu ne daga baya ya juya labarin.

Leƙa cikin mutum ta bututu ba Semm ya fara ba. Georg Kelling na Dresden ya gwada a kan kare a 1901, Hans Christian Jacobaeus na Stockholm ya yi wa mutane a 1910. Sai dai galibi leƙe ne kawai don a gano cuta. Semm yana kan gaba cikin waɗanda suka mayar da leƙen aiki, kuma ƙirar da ya koya ce ta taimake shi. A shekarun 1960 ya haɗa na'urar da ke hura iska cikin ciki tana auna ƙarfinta da kanta. Ya ƙera abin ƙona jijiyar jini don tsayar da zuba, ya fito da zaren da ake ƙulle shi a waje a tura ƙullin ciki da sanda, ya koyi ɗinki da dogayen ƙarafa. Mahaifinsa da ɗan'uwansa suna da kamfanin kayan asibiti mai suna WISAP, don haka abin da ya zana yau, ba da jimawa ba yana hannunsa. Wannan ma ya zame masa abin gori, ana cewa talla yake yi wa gidansu.

Ranar 13 ga Satumban 1980 ya tsallake iyaka. Ya cire wa wata mata afendis ta huji. Afendis kuwa gonar likitocin fiɗa ce, likitan mata bai da hurumi a cikinta. Shugaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta Jamus ya rubuta wa ƙungiyar likitocin mata yana neman a dakatar da shi daga aiki. Wata mujallar likitoci ta Amurka ta ƙi buga rahotonsa, ta ce aikin ya saɓa wa ɗa'ar likitanci. Sai a 1983 rahoton ya fito a wata mujallar.

A Böblingen, wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart, akwai likitan fiɗa da ya karanta abin da Semm ya yi bai yi dariya ba. Erich Mühe ya ga cewa in likitocin mata suka ci gaba a haka, wata rana matsarmama ma za su karɓe. Ya sa aka ƙera masa bututu na musamman mai madubi da fitila da hanyar zura kayan aiki. Ranar 12 ga Satumban 1985, cikin kimanin awa biyu, ya cire matsarmamar wata mata ba tare da ya tsaga cikinta ba. Abin da ya gani a kwanakin da suka biyo baya ya ba shi mamaki shi kansa: hanjinta ya ci gaba da aiki, ta ci abinci da wuri, ciwon kaɗan ne. A watan Afrilun 1986 ya kai labarin taron ƙungiyar likitocin fiɗa ta ƙasarsu, yana zaton za a yi masa tafi. Sai aka yi masa ba'a. An ruwaito cewa wasu sun juya masa kirarin nan nasu, suka ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwa shi ke ƙaramin yanka.

Bai daina ba. Zuwa farkon 1987 ya yi wa mutum kusan 100. A shekarar ce wani majinyacinsa ya rasu bayan aiki, aka gurfanar da shi gaban shari'a bisa zargin kisa ba da gangan ba. Sai a 1990 aka wanke shi. A tsawon shekarun nan da yake zaryar kotu, aikin da ya fara ya mamaye duniya da sunan wasu.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 17 ga Maris ɗin 1987, a birnin Lyon na Faransa, Philippe Mouret yana yi wa wata mata aikin da ya shafi ciwon mata ta huji, kuma tana da tsakuwa a matsarmama, ta roƙe shi ya haɗa duka biyun. Ya juya bututun sama wajen hanta, ya shafe awa biyu da rabi a sunkuye, ya fito a gajiye liƙis. Washegari da safe da ya zo zagaye, ya tarar da ita ta sa tufafinta tana shirin tafiya gida, ranta a ɓace, don ta ɗauka bai cire komai ba. Mouret bai rubuta rahoto ba. Labarin ya fita ne ta bakin wata nas da ta yi aiki da shi sannan ta koma Paris wurin François Dubois. Shi Dubois yana alfahari da cewa babu mai cire matsarmama da ɗan yanka irin nasa, ya nuna mata, ita kuma ta shaida masa cewa ta ga wanda ya fi wannan ƙanƙanta a Lyon. Ya nemi Mouret, ya kalli faifan bidiyonsa, a 1988 shi ma ya fara. A shekarar ce kuma Barry McKernan da William Saye suka yi a jihar Jojiya ta Amurka, Eddie Joe Reddick da Douglas Olsen suka yi a Nashville.

Abin da waɗannan suka samu wanda Mühe bai samu ba shi ne kyamara. Mühe shi kaɗai yake gani, mataimakansa suna tsaye kamar baƙi a ɗakin. Da aka ƙera ƙaramar kyamarar bidiyo da ake maƙalawa a bakin bututu, sai cikin majinyaci ya bayyana a allon talabijin, kowa na gani, mataimaki ya san inda zai riƙe, ɗalibi ya koya, kuma ana iya naɗar aikin a kaset a kai taro. A 1989 aka nuna irin waɗannan kaset a tarukan likitocin Amurka, a Louisville da Atlanta. Gani ya kori ji. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka, marasa lafiya suka fara tambayar likita tun kafin su zauna: kana yin na hujin? Wanda ya ce a'a, sai su tashi su nemi wani. Zuwa 1992, kusan kashi 80 cikin 100 na cire matsarmama a Amurka ta huji ake yi.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san jakar nan koriya da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɓata nama. Ta mutum ma a nan take. A ɗakin tiyata, bayan an sa majinyaci barci, ana yin ɗan yanka na kamar santimita ɗaya a cibiya, a hura iskar kabon-dayoksaid har bangon ciki ya ɗaga ya bar fili tsakaninsa da hanji. An zaɓi wannan iskar ne domin ba ta kama wuta in ana ƙona jijiya da lantarki, kuma jini na shanye ta huhu ya fitar. Ana tsayar da ƙarfinta tsakanin 12 da 15 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, don in ta yi yawa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. Kyamara ta shiga ta cibiya. A ƙara huji uku, ɗaya a ƙasan ƙirji, biyu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, mafi yawansu rabin santimita. A karkata gadon, kai sama, gefen dama a ɗage, hanji ya gangara ya ba da wuri. Mataimaki ya kama saman jakar ya tura ta sama da hanta gaba ɗaya, likita ya share kitsen da ke wuyanta a hankali har ya fito da abu biyu: ƙaramar hanyar da ruwan ɗaci ke bi ya fita daga jakar, da jijiyar da ke kai mata jini. A datse kowanne da maƙallan ƙarfe, a yanke tsakani, a ɓanɓare jakar daga jikin hanta, a sa ta a 'yar leda a jawo ta cibiya. Da yawa suna kwana ɗaya ne su tafi, wasu ma a ranar. Abin da suka fi kuka da shi washegari ciwon kafaɗa ne, har su yi zaton an bugar musu da ita, alhali ragowar iskar ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuwa daga wuya ta taso.

A baki abin da sauƙi. A hannu kuwa akwai wuya uku. Allo ba ya nuna zurfi. Yatsa ba ya jin tauri ko laushin abin da ake taɓawa. Sannan ƙarfen yana juyawa ne a kan hujin da ya shiga, don haka in ka kai hannu dama bakinsa hagu zai tafi, in ka ɗaga sama ya yi ƙasa. Likitan da ya shekara ashirin yana tsaga ciki ya koma ɗan koyo ke nan, kuma ba kowane babba ne ke yarda da haka ba. A farkon shekarun 1990, kwas na kwana biyu ake shiryawa a ƙarshen mako, a gwada a kan aladu, ranar Litinin mutum ya koma asibitinsa ya fara a kan jama'a.

A nan masu sukar Mühe suka ga abin da suke tsoro. Kusa da ƙaramar hanyar da ake datsewa akwai babbar hanyar da ke kwaso ruwan ɗaci daga hanta baki ɗaya zuwa hanji. In an ja jakar da ƙarfi, hanyoyin biyu sukan miƙe su zama kamar ɗaya a allo. Likita ya datse babbar yana da yaƙinin ƙaramar ce. Bayan kwana biyu ko uku idon majinyaci ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko ruwan ɗaci ya cika masa ciki, gyaran kuma babban aiki ne da wani kan yi ta fama da shi har ƙarshen rayuwa. A zamanin tsaga ciki, wannan kuskure yakan faru ga mutum ɗaya ko biyu cikin 1,000. Da tiyatar huji ta zo, ya ninka. Wani rahoto na 1991 da likitocin kudancin Amurka suka fitar a kan mutum 1,518 ya nuna inda matsalar take ƙarara: a cikin ayyuka 13 na farko na kowane rukunin likitoci, kashi 2.2 cikin 100 ne suka sami wannan rauni, bayan nan kuma ya sauka zuwa kashi 0.1. Wato na farko-farkon su suka biya kuɗin makarantar. A 1992 hukumar lafiya ta jihar New York, bayan mace-mace da munanan raunuka, ta hana likita yin aikin shi kaɗai sai ya yi 15 a gaban ƙwararre. A 1995 Steven Strasberg na St. Louis ya kafa ƙa'idar da ake koyarwa har yau: kada a datse komai sai an share wuyan jakar tas, an ɗaga ƙasanta daga hanta, an ga da ido cewa abu biyu ne kacal ke shiga cikinta. In kumburi ko tabon tsohon ciwo ya hana ganin haka, a tsaya, a buɗe ciki. A ganina wannan ce jimla mafi daraja a fannin gaba ɗaya, kuma likitan da yake jin kunyar komawa tsaga ciki a tsakiyar aiki ya fi wanda bai iya na hujin ba haɗari.

Akwai wani gwaji da nake so saboda wayon da aka yi a cikinsa. A 1996 likitocin Sheffield a Ingila suka raba mutum 200 gida biyu da ƙuri'a, rabi aka yi musu na huji, rabi aka yi musu ɗan gajeren yanka. Bayan aiki aka rufe cikin kowa da bandeji iri ɗaya, ta yadda majinyaci da nas ba su san wanne aka yi ba. Sakamako: kwanakin asibiti da lokacin komawa aiki ba su bambanta ba, sai ma na hujin ya fi cin lokaci, minti 65 a kan 40. Ashe wani kaso na saurin warkewar daga zato yake, wanda aka gaya masa ƙaramin aiki aka yi masa yakan tashi da wuri, nas ma ta sallame shi da wuri. Wannan bai rushe fifikon tiyatar huji a kan tsohuwar babbar tsaga ba, amma ya rage kurin.

Da aka zo kan ciwon daji na babban hanji, an yi taka-tsantsan fiye da na matsarmama, don an fara ganin cutar tana tsirowa a bakin hujin da aka jawo ta. Aka jira gwaji. A 2004 sakamakon wani babban bincike na asibitoci 48 a Amurka da Kanada a kan mutum 872 ya fito: bayan shekara uku, cutar ta dawo wa kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ta huji, da kashi 18 na waɗanda aka tsaga, wato babu bambancin a zo a gani, kuma na hujin sun riga fita asibiti da kwana ɗaya. Amma ba ko'ina aka yi nasara ba. A Holan an dakatar da wani gwaji na cire kan fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, tun kafin a kammala, domin mutum 5 cikin 50 sun rasu a ɓangaren huji, 1 cikin 49 a ɓangaren tsaga. An buga wannan a 2019.

Shi kuwa Mühe, ƙungiyar da ta yi masa dariya ta ba shi babbar lambarta a 1992, a 1999 kuma ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta amince a hukumance cewa shi ne na farko. Ya rasu a 2005, shekara biyu bayan Semm. Dukansu sun rayu sun ji labarin ranar 7 ga Satumban 2001, da Jacques Marescaux ya zauna a New York ya cire matsarmamar wata mata 'yar shekara 68 da ke kwance a Strasbourg, yana sarrafa hannayen mutum-mutumi ta wayar sadarwa da ta ratsa teku.

Mutumin da ya fi buƙatar wannan aiki ba ma'aikacin ofis na Turai ba ne, wanda albashinsa ke tafiya ko yana kwance. Manomin albasa ne na Aliero da ciwo ya kama a tsakiyar rani, bayan dashe, lokacin da ban-ruwa ba ya jiran kowa. Mako shida a kwance na iya cinye masa noman shekara. In ya yi gaggawa ya koma ɗaga buhu kafin ɗinkin ya yi ƙwari, bangon cikin ya saki, ƙaba ta fito a kan tabon, sai wani aikin kuma. Ga 'yan uwan da ke barin nasu aikin su tare a Birnin Kebbi ko Sakkwato suna jinya, kowace kwana da kuɗinta. Ga masu sikila, waɗanda saurin fashewar ƙwayoyin jininsu ke tara musu tsakuwa a matsarmama tun suna yara, kuma babban yanka a ƙarƙashin haƙarƙari na hana su jan numfashi sosai, abin da ke jawo musu ciwon ƙirji mai haɗari bayan aiki.

Sai dai abin da ya fi kai mutanenmu ɗakin tiyata da daddare wani ne daban: yaron da taifot ta huda masa hanji, an yi kwanaki ana jiƙe-jiƙe da maganin kemis, an kawo shi ciki ya kumbura ya cika da mugunya. Wannan buɗe ciki yake buƙata, da ruwa, da jini, da mai sa barci da ya san aikinsa, kuma da wuri. Tiyatar huji tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da tukunyar iska, da mai gyaran kyamara in ta lalace. Ana iya cin ƙarfin waɗannan. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife sun fara a 2009, kuma sun rubuta yadda suka rage tsada da kayan da ake wankewa a sake amfani da su da dabarun gida. Mongoliya, ƙasar makiyaya mai nisan garuruwa, ta tashi daga kashi 2 cikin 100 na cire matsarmama ta huji a 2005 zuwa sama da kashi 60 a 2013, ta hanyar horar da likita da nas da mai sa barci da mai gyaran na'ura tare, a asibitocinsu na larduna. A ƙauyukan arewa maso gabashin Indiya kuma, inda tukunyar iska ke wuyar samu, likitoci suna zura wani zoben ƙarfe ta cibiya su ɗaga bangon ciki da shi, ba iska, majinyaci a farke da allurar baya da ke kashe rabin jiki. Mühe ma bayan 'yan ayyukansa na farko ya bar hura iskar, ya ci gaba da cire matsarmama ta bututu ɗaya da yake sawa a ƙarƙashin haƙarƙari.